Larabci da Kantonanci: Wanne Ya Fi Wuya Ga Bahaushe?

TAMBAYA: Malam, ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da atamfa da shadda a Kano. Na yi Islamiyya har na ɗan taɓa Nahawu, kuma bana ina shirin fara zuwa Guangzhou saro kaya. An ce mini mutanen garin Kantonanci suke yi. Shin ya yi kama da Larabci ta wani ɓangare? Wanne ya fi wuya, kuma shi ya kamata in koya?

AMSA: Allah ya sa wa kasuwa albarka, Alhaji. Ta fuskar asali babu dangantaka tsakaninsu ko ta nesa. Larabci yana cikin babban gidan harsunan Afirka da Asiya, gida ɗaya da Hausa, shi ya sa muke da namiji da mace a nahawu kamar su. Kantonanci kuwa ɗan gidan harsunan Sin ne, ana yinsa a lardin Guangdong, inda Guangzhou take, da Hong Kong da Makau da wani sashe na Guangxi, masu yinsa sun kai kimanin miliyan 80.

Wuyar Larabci ka riga ka ɗanɗana. Baƙaƙe 28 ne, yaro yakan haddace su cikin makonni, amma daga nan aikin yake farawa. Tushe ɗaya mai baƙaƙe uku, kaf da ta da ba, shi ke haifar da kataba da kitab da katib da maktab. Sai sarafu (sauya siffar kalma), sai i'irabi (sauya ƙarshenta), sai musanna (siffar abu biyu), sai jam'in taksiri (jam'in da ke sauya ginin kalma) wanda dole ka riƙe shi kalma bayan kalma.

Kantonanci ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Aikatau ba ya sauya siffa, ko ni na yi ko su suka yi, ko jiya ko gobe. Wata 'yar kalma ake maƙala masa, kamar zo in aiki ya kammala, ko gan in ana cikin yinsa. Kalmar keoi ɗaya ita ce shi, ita ce ita. Wanda ya sha fama da Ajurumiyya, littafin nahawun Larabci, zai ga wannan kamar hutu.

To ina wuyar take? A kunne. Kantonanci yana da karin sauti 6, malaman dā ma 9 suke ƙirgawa saboda suna ware gaɓoɓin da ke ƙarewa da p, t da k. Mandarin, daidaitaccen Sinanci na hukuma, 4 kawai gare shi. Gaɓar si kaɗai tana iya zama waƙa, tarihi, gwadawa, lokaci, kasuwa ko al'amari, gwargwadon yadda murya ta hau ko ta sauka. Wanda ya fi shafarka shi ne maai: in murya ta taso daga ƙasa tana hawa, saye ke nan, in ta zauna ƙasa ba motsi, sayarwa. Ka ga mutum yana iya shiga shago da kuɗi a aljihu ya ce wa mai shago shi sayarwa ya zo yi.

A nan ne Bahaushe ya fi Balarabe sa'a, kuma yawancinmu ba mu sani ba. Larabci ba ya bambanta ma'ana da karin sauti, Hausa tana yi. Kukan yaro da kukar miya baƙaƙensu ɗaya, muryar ce ta raba su, kuma ba ka taɓa ruɗewa ba. Kunnenka ya saba da sama da ƙasa da faɗuwa tun kana goye. Abin da ya rage shi ne ka saba da sauti mai hawa, da matakai uku na murya a miƙe.

Rubutu kuwa babu sauƙi. Ba baƙaƙe ba ne, alamomi ne, kuma sai ka san dubbai kafin ka karanta jarida. Hong Kong tana amfani da tsohon salo mai yawan zane, babban yankin Sin kuma da wanda aka sauƙaƙa. Mai koyo yakan fara da Jyutping, tsarin boko da ƙungiyar masana harshe ta Hong Kong ta fitar a 1993, inda ake sa lamba bayan gaɓa don nuna sauti: maai5 saye, maai6 sayarwa.

Wuri ɗaya da suka yi kama sosai shi ne tazarar da ke tsakanin baki da takarda. Duk wanda ya je Makka da Fusha, wato daidaitaccen Larabci na makaranta, ya san direban tasi ba ita yake yi ba, balle a Alƙahira ko Kasabalanka. Haka mutumin Hong Kong: a baki hai yake cewa don "ne", amma a takardar hukuma wata alama daban yake rubutawa, ta daidaitaccen Sinanci. Cibiyar horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ma aji ɗaya ta sa harsunan biyu, na masu buƙatar kimanin sa'o'i 2,200 na karatu, sai dai wannan lissafi na wanda Turanci ne harshensa na asali. A ganina, Bahaushen da ya tashi da Alƙur'ani, ga kuma ɗimbin kalmomin aro irin su littafi da alƙalami da lissafi, Larabci ya fi masa sauƙi nesa ba kusa ba.

Game da abin da za ka koya, ni Mandarin zan ce ka fara. Guangzhou cike take da baƙi daga wasu larduna, masu shaguna da ma'aikatan masana'antu da yawa ba 'yan garin ba ne, kuma Mandarin ne harshen makaranta da ofis. Ka riƙe ƙirge da gaisuwa na Kantonanci, m goi don godiyar hidima, dattawan garin suna jin daɗin hakan. Larabcinka ma kada ka bar shi a gida. A unguwar Xiaobei, inda 'yan Afirka ke sauka, akwai gidajen abinci na halal da Larabawa 'yan kasuwa, ga kuma masallacin Huaisheng, ɗaya daga cikin mafi daɗewa a ƙasar Sin, a garin da Larabawan dā suke kira Khanfu.