Amsa: A wane mataki ɗan wasa ke zaɓar fanninsa a Dungeons & Dragons, wasan labari da kowa ke taka rawar gwarzo ɗaya?

Ɗan'uwa daga Gusau, ka ce kun yi gardama da abokanka kan lokacin da gwarzon kowa zai zaɓi fannin ƙwarewarsa, wato reshen da zai bi a cikin irin gwarzon da ya ɗauka. Ina jin bugu biyu na littafin dokokin wasan kuka haɗa.

A dokokin 2014, mai sihirin gado, da mai yarjejeniya da wani iko, da malamin ibada suna zaɓa tun mataki na 1, wato matakin ƙarfin da gwarzo ke farawa da shi. Mai sihirin karatu da mai sihirin daji sai na 2, sauran irin su mayaƙi da ɓarawo sai na 3. A bugun 2024 an mayar da kowa mataki na 3.

Ni dai na fi son sabon tsarin idan da sababbin hannu. Mu nan Birnin Kebbi, kan tabarma muke wasa bayan isha'i. Ƙanena ya zaɓi fanni daren farko, bai ma gane jefa ɗan lido mai fuska 20 ba, kafin sati uku yana roƙon a canja masa. Wanda ya ɗan taɓa faɗa sau biyu-uku ya riga ya san abin da hannunsa ke so.

Sai dai mai sihirin gado yana damuna, domin a jininsa abin yake tun haihuwa. Shi kam, ku bar shi ya faɗi asalinsa tun farko, ƙarfin ya biyo baya.