Gajerun finafinan barkwanci na tseren dawaki: da wanne za a fara?

Malam, ka tambayi inda za ka fara kallon gajerun finafinan ban dariya na tseren dawaki da aka yi a Amurka bayan sauti ya shigo fim, wato daga 1927. Ni dai shawarata, ka nemi Playing the Ponies na 1937, wanda Three Stooges, wasu 'yan wasan barkwanci su uku, suka yi wa kamfanin Columbia. Bai kai minti ashirin ba, domin irinsu akan haska su ne kafin babban fim.

A cikin fim ɗin, 'yan damfara ne suka karɓe musu gidan abinci, suka ba su wani ragon doki, Thunderbolt. Sai dokin ya ci barkono, bakinsa ya ɗau zafi, ya zura da gudu neman ruwa. Ranar tsere suka sake ɗura masa, suka hau babur riƙe da bokitin ruwa a gabansa, yana bi har ya zo na ɗaya. Wallahi wannan wurin kaɗai ya isa dalilin kallo, ga ƙarar kofato da ihun 'yan kallo da fim marar sauti ba ya iya bayarwa.

A Day at the Races, wani fim ɗin barkwanci na tseren dawaki, shi ma na 1937 ne, amma shi dogo ne, ba ya cikin gajerun.