Ƙarin ruwa: abin da za a saya da abin da za a bari

Tambaya daga wani magidanci a Arkilla: An kwantar da mahaifiyata a asibiti, likita ya rubuta mini gora shida na ruwa iri biyu, da kanula, wato allurar roba da ake bari a jijiya, da igiyar ƙarin ruwa. Mai kantin magani ya ce iri ɗaya ya ƙare, amma zai cike mini da ɗayan domin duk ruwa ne. Shin in karɓa?

Malam, Allah ya ba Inna lafiya. Kada ka karɓa. Gorunan suna kama da juna a ido, amma abin da ke cikinsu ya bambanta, kuma likita ya zaɓi kowanne ne bisa abin da jikinta ya rasa. Wanda aka fi sani shi ne ruwan gishiri, wanda ma'aikatan asibiti ke kira nomal salin, za ka ga an rubuta 0.9% a jikinsa, wato giram 9 na gishiri a kowace lita. Akwai ruwan sukari, dekstoros, mai alamar 5% ko 10%, wanda ake sa wa wanda sukarin jininsa ya faɗi ko wanda aka hana ci da sha, kuma shi ne zai iya rikita mai ciwon sukari idan aka ɗura masa ba da lissafi ba. Sai ruwan Ringer, wanda ya samo sunansa daga likitan Ingila Sydney Ringer, yana ɗauke da gishiri da sinadaran fotasiyam da kalsiyam, shi ya sa aka fi son sa ga mai amai da gudawa, amma ana taka-tsantsan da shi ga wanda ƙodarsa ta raunana. Idan abin da aka rubuta ya ƙare, ka nemi wani kanti, ko ka koma da takardar wurin likita ya sauya da hannunsa.

Kafin ka biya kuɗi, ka ɗaga kowace gora sama ka dube ta a haske. Ruwan ya zama garau, babu gurɓata, babu wani abu mai yawo a ciki. Ka matsa ta kaɗan ka ga ko tana yoyo, ka duba lambar NAFDAC da ranar da wa'adinta zai ƙare. Ni ba na son gorar da aka jera a bakin shago rana tana dukanta, musamman daga Maris zuwa Mayu da zafin Sakkwato ke wuce digiri 40.

Kanula kuwa launinta ne ke nuna kaurinta. Koriya mai lamba 18 ita ake so idan za a ƙara jini ko za a shiga tiyata, mai ruwan hoda lamba 20 ita ce ta yawancin manya, shuɗiya lamba 22 ta dace da tsofaffi masu siraran jijiyoyi, rawaya lamba 24 kuma ta jarirai ce. Lambar na hawa, allurar na ƙara sirancewa. Ka sayi biyu ko uku, domin jijiyar tsohuwar da ruwan jikinta ya ƙare takan ɓuya, kuma kanular da aka soka ba ta shiga ba, ba a sake amfani da ita. Igiyar ƙarin jini daban take da ta ruwa, tana da matata a cikinta, don haka ka faɗa wa mai kantin wacce aka rubuta.

Abu na ƙarshe ya shafi zamanka a gefen gado. Igiyar manya tana sakin ɗigo 20 ga kowace mililita, saboda haka gorar mililita 500 da aka ce ta yi awa 8 za ta riƙa ɗiga kusan sau 21 a minti. Masu jinya da yawa sukan murɗa ɗan makunnin domin ruwan ya ƙare da wuri a huta. Kada ka taɓa shi. Aikinka shi ne ka lura da bayan hannunta: idan wurin ya kumbura, ko ya yi ja da zafi, ko ta fara rawar ɗari ko numfashi sama-sama, ka kira ma'aikaciyar jinya nan take.

Tambaya daga wata uwargida a Mabera: Duk lokacin da zafi ya tsananta maigidana ya ji kasala, sai ya kira wani mai kemis ya sa masa ruwa mai launin rawaya a gida, yana cewa yana ƙara masa ƙarfi. Yana da hawan jini. Kuɗin da muke kashewa yana da amfani?

Hajiya, a ganina kuɗin asara ne, kuma asarar ce mafi sauƙi a cikin lamarin. Launin rawayan ba wani sirri ba ne, allurar bitamin B ce aka zuba a cikin gorar, kuma akwai ta a ƙwaya mai araha ga wanda yake bukatarta. Idan ruwan sukari ne na 5%, gorar mililita 500 gaba ɗaya giram 25 na sukari ta ƙunsa, kimanin cokalin shayi shida, wanda kofin fura ɗaya ya fi shi riƙe ciki. Idan kuma ruwan gishiri ne, gora ɗaya tana da giram 4.5, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya kai giram 5 a yini. Ga mai hawan jini, musamman idan zuciya ko ƙoda ta fara gajiya bai sani ba, ruwan da aka ɗura kai tsaye cikin jijiya yana iya taruwa a huhu. Ban da wannan, kowace suka ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta su shiga jini, kuma lasisin mai kemis na sayar da magungunan da ba sa bukatar takardar likita ne, bai haɗa da allura ko ƙarin ruwa ba. Ki lallaɓa Alhaji ya je Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a auna jininsa da sukarinsa da ƙodarsa, domin kasalar da ke dawowa tana da dalili, kuma gorar tana jinkirta gano shi ne kawai.

Tambaya daga wata uwa a Gwadabawa: Ɗana mai shekara biyu yana gudawa. In sayi gorar ruwa a sa masa, ko ƙullin ruwan gishiri da sukari ya isa?

Malama, muddin yana iya sha, ƙullin ORS ne ya fi, kuma shi ne ya fi araha. Ki karanta jikin ƙullin ki dama shi da adadin ruwan da aka rubuta, mafi yawa lita ɗaya ne na ruwa mai tsafta, ki riƙa ba shi da cokali kaɗan-kaɗan ko da ya yi amai, bayan kin jira kamar minti goma. Ki haɗa da ƙwayar zink ta miligiram 20 sau ɗaya a rana har kwana 10 zuwa 14, kuma kada ki daina ba shi nono da abinci. Amma idan ya kasa sha, ko idanunsa sun faɗa ciki, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko gudawar ta zama fara tsululu kamar ta kwalara, to lokacin ƙarin ruwa ya yi, kuma wurinsa asibiti ne. Ruwan yara da nauyinsu ake auna shi, da igiya ta musamman mai ɗigo 60 a mililita da ma'auni a samanta, don haka kada ki yarda a rataya masa gorar manya a gida. Ki ci gaba da ɗura masa ruwan ƙullin a kan hanya idan yana iya haɗiyewa.