Amsa kan sharhin kundin waƙoƙi da zaɓen gwanayen ƙwallo

Assalamu alaikum jama'a. Yallaɓai, ka tambayi dalilin da ya sa na fifita kundin kiɗan rawa a kan kundin hip hop da ya fi shi kasuwa, sannan na ajiye ɗan gaba mai yawan ƙwallaye na ɗauki ɗan tsakiya mai tare hanya a cikin gwanaye goma sha ɗaya. Dalilin guda ne, wato kowa ina auna shi da aikin da aka ɗora masa.

A hip hop, abin da nake saurara shi ne kalma: yadda mawaƙi yake hawa kiɗa, nauyin abin da yake faɗa, da ko waƙoƙin suna riƙe da juna daga farko har ƙarshe. Kiɗan rawa kuwa aikin mai haɗa sauti ne. Wani lokaci jimla ɗaya ce ake ta maimaitawa, kuma wannan ba aibi ba ne, domin gwanintar tana wajen sanin lokacin da za a janye ganga, a bar jama'a suna ɗoki, sannan a dawo da ita. Wanda ya nemi zurfin baiti a nan ya zalunci kundin. Ko masu kyautar Grammy, babbar kyautar waƙa ta Amurka, sun raba su: rukunin kundin rap, wato waƙar hip hop, ya fara a 1996, na kiɗan rawa a 2005.

A ƙwallo zaluncin ya fi fitowa fili, kuma yana damuna ƙwarai. A 2010 Wesley Sneijder ya ci kofuna uku da Inter Milan, ya kai Holan wasan ƙarshe na Kofin Duniya, amma na huɗu ya zo a Ballon d'Or, kyautar gwarzon ɗan ƙwallon duniya na shekara. A 2012 duk 'yan wasa goma sha ɗaya da FIFPRO, ƙungiyar ƙwararrun 'yan ƙwallo ta duniya, ta fitar a matsayin gwanayen shekara daga gasar Sifaniya suke, goma daga Barcelona da Real Madrid, alhali Chelsea ce ta ɗauki kofin zakarun Turai a shekarar. 'Yan wasa ne da kansu suka kaɗa ƙuri'ar, amma suna ya rinjayi aiki.

Shi ya sa na ji daɗi da Rodri, ɗan tsakiya mai tare hanya ɗan Sifaniya, ya samu Ballon d'Or a 2024. Ɗan tsakiyar da na zaɓa irin aikinsa yake yi: yana ƙwace ƙwallo, yana rufe gurbin da masu tsaron baya suka bari, yana ba 'yan gaba damar sakin jiki. Idan kana son cire shi, Yallaɓai, ka faɗa mini wanda zai tsaya a gurbinsa, sai mu tattauna.