Baba ya samu sauƙi amma ya daina fita: mene ne likita ke aunawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina ɗan kasuwa ne, shanyewar ɓarin jiki ta same shi wata takwas da suka wuce. Yanzu yana tafiya da sanda, yana cin abinci da hannunsa, amma ya daina zuwa jam'i da ɗaurin aure da zaman majalisa. Likitan gashi ya kawo takarda cike da tambayoyi a kan waɗannan abubuwa. Ina ruwan asibiti da ɗaurin aure? Daga wani mai karatu a Ƙofar Marusa, Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya ƙara wa Baba lafiya. Ruwan asibiti ne ƙwarai, domin iya taka ƙafa daban, komawa cikin jama'a daban, kuma tun shekarar 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin ICF, wanda ya ware lafiyar gaɓoɓi da ayyukan da mutum ke iya yi da kuma shigarsa harkokin al'umma. Tsohon ma'aunin Barthel na 1965 abubuwa goma kawai yake dubawa, irin su wanka da sa tufafi da hawa matakala, don haka mutum na iya cin makinsa gaba ɗaya alhali duniyarsa ba ta wuce zaure ba.

Mai yiwuwa takardar da kuka gani WHODAS 2.0 ce, wato takardar awon naƙasa ta Hukumar Lafiya ta Duniya, mai tambaya 36 ko gajeruwarta mai 12, wadda ke bin kwana 30 da suka shige tana tambayar irin wahalar da aka sha, daga "babu" har zuwa "ba na iyawa sam". Ni kam na fi son wani ma'aunin mai tambaya 18 da aka fara gwadawa a Nepal da Indiya da Brazil, musamman ga masu cutar kuturta, saboda hikimarsa ta dace da zamanmu: ba a gwada mutum da kowa sai da tsaransa. Ana tambayar Baba ko yana zuwa jana'iza da suna kamar yadda abokinsa mai shekaru da sana'a irin tasa ke zuwa, da ko har yanzu ana neman shawararsa a sha'anin gida. In ya ce a'a, sai a bi shi da tambayar ko hakan na damunsa, kuma yaya girman damuwar. Makin yana tashi daga 0 zuwa 90, abin da ya haura 12 kuwa alama ce ta tauyewa. Wannan gwadi da tsara shi ke hana a rubuta wa matar da ke cikin kulle naƙasa don ba ta zuwa kasuwa.

Inda aikin ke lalacewa a wurinmu shi ne bakin amsa. Dattijo Bakatsine, ko me ka tambaye shi, "Alhamdulillahi" zai ce, balle ɗansa na tsaye a kansa yana riga shi magana. Saboda haka ku ba su wuri shi da likitan, a yi tambayar da Hausa, kuma a sauko da ita ƙasa: Juma'a nawa ya samu a watan nan, yaushe rabonsa da rumfarsa, wa ke riƙe da kuɗin cefane yanzu? Sau da yawa a nan ake gano cewa matsalar ba a ƙafa take ba. Wani dakalin masallaci ne ya yi masa tsawo, wani kunyar miƙa hannun hagu wajen gaisuwa ke tsare shi, wani kuma 'ya'ya ne suka karɓe komai saboda tausayi har ya ga ba a bukatarsa. Ciwon damuwa ma yakan biyo bayan wannan lalura, kuma yana da magani.

Ku adana makin farko, a sake awon bayan wata uku da takarda iri ɗaya. Kafin nan, ku tambayi Baba wanne ya fi kewa cikin ukun da kuka lissafa, a fara da shi, ko da kujera za a ajiye masa a gefen sahu.