Sun ce za su saya, da kaya suka iso sai shiru

Wata 'yar'uwa daga Unguwar Rimi a Kaduna ta rubuto: "Na tambayi mata 40 a rukuninmu na WhatsApp ko za su sayi turaren wuta, kwalba naira 4,000. Mata 31 suka ce za su saya. Na haɗa kwalba 35, yau wata guda, tara kacal na sayar. Ƙarya suka yi mini?"

Hajiya, yawancinsu ba ƙarya suka yi ba. A lokacin da suka amsa, har zuciyarsu suna ganin za su saya. Cewa "zan saya" ba ta cire ko kwabo daga jakar kowa. Ranar biya ce naira 4,000 ɗin ke karo da kuɗin cefane, da na makarantar yara, da anko na bikin da ke tafe.

Masana sun daɗe da auna wannan giɓi. A 2001 John List da Craig Gallet sun tattara gwaje-gwaje da dama, suka ga kuɗin da mutane ke cewa za su biya ya kai kusan ninki uku na wanda suke biya da gaske. Wani nazarin na 2005 ya samu giɓin bai kai haka ba, kimanin kashi 35 cikin 100 ne a tsaka-tsaki. Saboda haka kada wani ya ce miki "raba adadin gida uku, shi ke nan". Giɓin yana sauyawa da irin kaya, da farashi, da wanda ya yi tambayar.

A 2011, a jami'ar Caltech ta Amurka, Min Jeong Kang da abokan aikinta sun sa mutane cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suna nuna musu kaya da farashi. Da farko tambayar ta gwaji ce, daga baya aka ce musu yanzu da gaske ne. Sayen ya ragu. Sassan da ke auna darajar abu, musamman wanda ke gaban ƙwaƙwalwa daidai saman idanu, su ne suka yi aiki a duka biyun, amma sun fi motsawa sa'ad da kuɗi zai fita. Wato awon guda ne, sai dai a tambayar gwaji mutum sama-sama yake yinsa.

Sannan ga kara. Matar da kuke haɗuwa a Islamiyya ba za ta ce miki "ba na so" a gaban mata 39 ba.

Abin yi a karo na gaba: kada ki ƙirga baki, ki ƙirga kafin alƙalami. Ki sanar cewa za ki haɗa kwalba 10 kawai, mai so ta tura rabin kuɗi kafin ranar Alhamis. Ko naira 1,000 aka karɓa ta fi "eh" ashirin faɗa miki gaskiya. Idan dole sai kin yi tambaya kafin ki haɗa, ki yi ta a keɓe, ki fara da cewa: "Mutane sukan ce za su saya amma ba sa saye, don Allah ki amsa kamar yanzu za ki biya." An gwada irin wannan gargaɗi tun 1999 kuma yana rage giɓin, ko da yake ba kullum yake share shi ba. Sai ki ƙara: "Daga 1 zuwa 10, yaya tabbacinki?" Ki lissafa masu 8 zuwa sama kawai. Kwalba 26 da suka rage kuwa, ki daina tallarsu da hoto. Ki ɗauki kasko da garwashi ki turara a gidan suna ko walima. Dalilin yana cikin amsa ta gaba.

Wani daga Kawo ya ce: "Nakan fita da niyyar sayen waya ta naira 90,000, in dawo da ta 140,000. Sau biyu ke nan."

Malam, naka shi ne ɗaya gefen matsalar. A gida lissafi kake yi da sanyin kai, a shago kuma wayar tana tafin hannunka. Wani gwaji na 2010, shi ma a Caltech, ya nuna mutane na yarda su biya ƙarin kashi 40 zuwa 61 cikin 100 idan kayan na gabansu, fiye da idan suna ko hoto aka nuna musu. Da aka sa gilashin roba tsakaninsu da kayan, ƙarin ya ɓace. Mai shagon da ya ce "riƙe ka ji nauyinta, Alhaji" ya san aikinsa ko bai taɓa jin labarin gwajin ba.

Yadda ake biya ma yana da tasiri. A 2001 Drazen Prelec da Duncan Simester sun yi gwanjon tikitin wasan ƙwallon kwando a jami'ar MIT ta Amurka, masu biya da katin bashi suka taya kusan ninki biyu na masu biyan tsaba. Katin bashi suka gwada, ba tiransifa ba, amma a ganinmu danna lamba a POS ma ba ya zafi kamar ƙirga 'yan dubu-dubu.

Ka rubuta sunan waya biyu da iyakar kuɗinka tun daga gida. Ka ciri 90,000 tsaba, ka bar katin ATM ɗinka a gida. Idan ka isa kasuwar Sheikh Gumi ko shagunan titin Ahmadu Bello, kada ka karɓi wayar da ta wuce iyakarka a hannu, ko don "gani kawai". In har ta 140,000 ta shiga ranka, ka tambayi farashi, ka koma gida ka kwana, washegari ka rubuta abu biyu da za ta yi maka waɗanda ta 90,000 ba za ta yi ba, kafin ka ciro ƙarin 50,000.