Amsar Kawu Daga Mai Wurno Kan Batun Sa Rana

Ɗana, saƙonka ya iso bayan la'asar, ina kishingiɗe a kan angarib, gadon nan na igiya, a gindin darbejiya, ƙanwarka ta karanta mini har sau biyu. Ka ce an kai gaisuwa gidan yarinyar, amma kana so a ɗaga biki shekara biyar, sai ka tara riyal a Jidda, ka sayi fili, ka yi gini. Kana tambaya me ya sa dattawa suka ƙi, suka ce mu a nan ba a sa rana ta haura damina guda: addini ne ko al'ada?

Al'ada ce. Amma bari ka ji inda ta samo asali.

Garin nan da aka binne cibiyarka, matafiya ne suka kafa shi. Da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a gabas, har suka yada zango a bakin kogin nan na Nilu, kudu da Sinnar a ƙasar Sudan. Bayansu ayari ya yi ta biyowa a ƙafa, ta Barno, Abashe, Jinaina, Fashir, Ubayyid, kowa da niyyar Makka. Kakana yana cikinsu. Shekara goma sha ɗaya ya yi kafin ya ga Ka'aba. A Abashe ya yi noma damina biyu, a Fashir ya ɗinka huluna, da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin Jazira, ya shiga tsinkar auduga. A hanyar ya yi aure, a hanyar aka haifi uwata, kakarka. In aka ce masa, Malam, yaushe za ka sauka tashar jiragen ruwa ta Sawakin ka ƙetare teku? Sai ya ce, muna kan hanya, ranar da aka kira mu za mu amsa. Niyyarsa ko sau ɗaya ba ta yi sanyi ba, ranar ce kawai bai taɓa yankewa ba. Da ya ce ba aure sai ya sauke farali, da ni da kai ba mu zo duniya ba.

Ni kuwa na bar wannan tarbiyya, na kuma ɗanɗana kuɗata. Shekara goma sha huɗu ina gina gida a Umdurman, bulo ɗai-ɗai, don in zauna in na bar aiki. Azumin ƙarshe na Inna ta aiko in zo mu sha ruwa tare, na ce ta yi haƙuri, kuɗin mota na siminti ne, baɗi zan zo in ɗauke ta. Ba ta ga baɗin ba. Na gama gidan, na yi fenti, sai yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, ana cikin goman ƙarshe na Ramadan. Muka fito da kayan jikinmu. Mabuɗin yana nan a aljihun jallabiyata. Wallahi, ɗana, ba gidan ne yake hana ni barci ba, wannan azumin ne.

Kada ka ce Kawu ya hana ka tanadi. Manomi yana ware iri kafin ya ci sabuwar dawa, kai ma ka ware. Amma iƙamarka, takardar izinin zamanka a Saudiyya, tana hannun kafili, wato ubangidan da ya tsaya maka, gobenka tana hannun Allah, kuma ka san ayar Suratul Kahfi da ta hana mutum cewa zan yi kaza gobe ba tare da in Allah ya so ba. Goben ma ke nan, balle shekara biyar. Sannan ka duba 'yar mutane. Ƙawayenta suna ta tarewa, ita tana zaune tana jiran gini, bakin mutane kuwa ba ya rufuwa.

Ɗakin soron nan na kudu yana nan, na sa an yaɓe shi, saura ƙofa. Na yi magana da baffanka, shi ne waliyyinka, zai je wurin iyayenta ranar Juma'a su tsayar da sati biyu bayan Babbar Sallah, in Allah ya kai mu. Ka turo abin da ya sauwaƙa na sadaki, ka nemi hutu tun yanzu. In za ka taho, ka riƙo mini zamzam da man zafi na gwiwa.